Daga Dei-Dei zuwa Mubi: yadda ƙofar gilashi ke isa gida lafiya

Ma'aikatan gwamnatin tarayya da dama da ke zaune a Abuja suna da gida a garinsu, wanda suke gyarawa kaɗan-kaɗan gwargwadon abin da albashi ya bari. Ga mutanen Mubi wannan aiki yana da wani nauyi na daban, domin tun bayan da 'yan Boko Haram suka mamaye garin a watan Oktoban 2014 aka kuma ƙwato shi a watan Nuwamba, gini da gyara suka zama hanyar da 'yan gari ke nuna cewa ba su bar gida ba. Cikin kayan zamani da ake sawa a banɗaki yanzu har da ƙofar gilashi ta wurin wanka, wadda akan saya a kasuwar Dei-Dei ta Abuja ko ta Ƙofar Ruwa a Kano. Sayenta ba wuya. Wuyar tana kan hanya.

Daga Abuja zuwa Mubi tafiya ce ta kimanin kilomita 1,000. Mota za ta bi ta Akwanga da Jos da Bauchi da Gombe, ta gangara Numan da Yola, sannan ta ɗauki sauran kilomita kusan 200 ta Girei da Song da Gombi da Hong. Kowane rami da kowane tudun rage gudu a wannan hanya jarrabawa ce ga gilashin.

Sanin halin gilashin shi ne rabin maganin. Ƙofar wanka ta gari ana yin ta da gasasshen gilashi: ana zafafa shi a masana'anta har ya wuce digiri 600, sai a huce shi nan take da iska mai ƙarfi. Wannan ne ke sa ya ninka gilashin taga ƙarfi sau huɗu zuwa biyar, kuma idan ya fashe sai ya wargaje ƙanana-ƙanana kamar tsakuwa, maimakon manyan tsage masu yanka jiki. Sai dai ƙarfin nasa a fuska yake. Gefe da kusurwa su ne lagonsa. Ƙwanƙwasa kaɗan a kusurwa na iya tarwatsa ƙofar baki ɗaya. Wani lokaci ma ɗan ɓalli ne zai samu a gefe, a kafa ƙofar lafiya, sai bayan makonni ta fashe ba tare da kowa ya taɓa ta ba, wataƙila yaro na wanka a ciki.

Abu na biyu shi ne, da zarar an gasa gilashi, ba a sake yanka shi, ba a huda shi. Idan ƙofar ta isa Mubi aka tarar ta fi wurin faɗi da santimita 1, babu mai gilashin da zai iya rage ta. Saboda haka a jira magini ya gama ɗaura tayil kafin a yi awo, a auna faɗin a sama da tsakiya da ƙasa domin bango ba kasafai yake miƙewa sosai ba, a kuma tabbatar an huda ramukan hinji da na mariƙi tun a masana'anta.

Nauyi ma abin lissafi ne. Kowace murabba'in mita ta gilashi tana da nauyin kilo 2.5 a kan kowace milimita ta kauri. Ƙofa mai tsawon mita 2 da faɗin santimita 80 za ta kai kilo 32 idan kaurinta milimita 8 ne, ko kilo 40 idan milimita 10 ne. Ba kayan da ɗan dako ɗaya zai ɗora a ka ba ne. Mutum biyu ne za su ɗauka, da safar hannu, ƙofar na tsaye a kan gefenta.

A cikin mota ma haka. Kuskuren da aka fi yi shi ne shimfiɗa gilashi a kwance a bayan a-kori-kura ko a saman bas, a ɗora buhuna a kai. Gilashin da ke kwance yana lanƙwasa da kowace girgiza, har tsakiyarsa ta gaji. Masu sana'ar suna tsayar da shi a kan doguwar gefensa, ya ɗan jingina kaɗan a jikin firam na katako, tsawonsa na bin tsawon motar. Kafinta zai iya haɗa irin wannan akwati cikin yini guda. A sa katako ko roba a ƙasa, a rufe kusurwoyi huɗu da soso da kwali, a ɗaure da bel mai faɗi ba waya ba, kada ƙarfe ya taɓa gilashi a ko'ina. Hinji da mariƙi da kusoshi a sa su a jaka daban.

Saura batun amana. Kafin mota ta bar tasha, a ɗauki hoton gefuna da kusurwoyi a gaban direba, a rubuta a takardar kaya cewa gilashi ne, a kuma daddale tun da wuri wanda zai biya idan ya fashe. Ya fi kyau a biya ƙarin kuɗi ga motar da za ta kai Mubi kai tsaye, domin sauke kaya da sake lodawa a Gombe ko Jimeta yana ninka haɗarin. Wanda zai karɓa a gida shi ma ya duba gefuna kafin ya sallami direba, kuma kada ya ajiye ƙofar a kan tayil ko siminti kai tsaye. Ya jingina ta a kan katako, a ɗakin da yara ba sa shiga.

Kuɗin akwatin katako da soso ba su kai komai ba idan aka kwatanta da sayen sabuwar ƙofa da sake jiran mota daga Abuja. Duk wanda zai aika gilashi gida, ya fara zuwa wurin kafinta kafin ya nufi tasha.