Tsabtace Fentin Motar da Ta Daɗe a Ajiye: Abin da Ya Kamata Dillali Ya Sani Kafin Ya Kira Mai Fenti

Tun daga watan Yuni na shekarar 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya sakar wa naira mara a kasuwar canji, farashin motocin da ake shigowa da su daga waje ya yi tashin gwauron zabo. Dalar Amurka da ake canzawa a kan wajen naira 460 a hukumance ta zarce naira 1,500 a farkon shekarar 2024, kuɗin fito na kwastan kuma ya bi sahu, domin da dala ake lissafa shi. Wannan ya sa masu saye da dama suka koma ga motocin da aka riga aka yi amfani da su a cikin gida, har da waɗanda suka shekara a ajiye a harabar kamfani, ko a gareji, ko a gindin bishiya.

Abin da mai saye ke fara gani a irin wannan mota shi ne fentinta da ya dushe, ya yi kaushi. Dillalai da yawa sukan garzaya a sake mata fenti baki ɗaya, alhali kuwa sau tari datti ne kawai ya manne, fentin na nan da ransa a ƙarƙashi. Sake fenti na cin kuɗi, sa'annan yana rage daraja, domin a kasuwanni irin na Berger da ke Legas motar da ke ɗauke da fentinta na kamfani ta fi tsada, kuma wadda aka sake wa fenti ana zarginta da haɗari.

Fentin motar zamani shafi uku ne: na ƙasa mai kama ƙarfe, na tsakiya mai launi, da na sama marar launi wanda ke ba da sheƙi, yana kuma tare zafin rana. Kaurinsu duka bai cika wuce maikiron 100 zuwa 150 ba, wato kimanin kaurin takarda guda, shafin sama kuwa wajen maikiron 40 zuwa 50 ne. Maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Wannan ɗan siririn shafi shi ne jarin da ake karewa, kuma abin da aka kankare daga cikinsa ba ya dawowa. Saboda haka ƙa'idar aikin ita ce a fara da hanya mafi sauƙi, kada a matsa zuwa mai tsanani sai ta gaza.

Dattin da ke kama fenti iri-iri ne, kowanne da maganinsa. Akwai ƙurar ƙarfe daga birki da layin dogo da wuraren walda, wadda ke nutsewa cikin fenti ta yi tsatsa, ta bar ɗigo-ɗigon ja da ake gani sosai a farar mota. Akwai kwalta, da ƙaron bishiya, da kashin tsuntsu da na jemage masu cin fenti idan rana ta gasa su. Akwai tabon ruwan burtsatse da ya bushe ya bar farin gishiri, da feshin siminti daga wuraren gini. A Fatakwal akwai baƙin toka da ya addabi garin tun shekarar 2016. Sai ƙurar hunturu, wadda iska ke kwasowa daga hamada, musamman kwarin Bodele a ƙasar Chadi. Goge ta da busasshen tsumma daidai yake da dirza mota da yashi.

Matakin farko wanki ne, a inuwa, jikin mota a sanyaye. A fara kwarara ruwa domin ƙura ta sauka kafin hannu ya taɓa. A yi amfani da sabulun wankin mota da bokiti biyu, ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraye soso, a kuma wanke daga sama zuwa ƙasa. Bayan ta bushe, sai a sa hannu cikin siririyar leda a shafa jikin motar. Leda na ƙara wa yatsa ji, duk inda aka ji tsakuwa-tsakuwa to akwai sauran aiki.

Mataki na biyu shi ne narkar da abin da zai narku. Kwalta da ƙaro suna da maganinsu na musamman da ake sayarwa a shagunan kayan mota. In babu, ɗan kananzir a tsumma mai laushi yana cire kwalta, muddin za a wanke wurin da sabulu nan take. Ƙurar ƙarfe kuwa ana fesa mata wani sinadari mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wanda ke rikiɗa zuwa launin makuba idan ya haɗu da ƙarfe. A bar shi minti 3 zuwa 5, a ɗauraye kafin ya bushe. Tabon ruwa da siminti suna laushi da ruwan khal da aka surka. Kada a kankare siminti da reza, a yi ta jiƙa shi har ya saki.

Mataki na uku shi ne yumɓun goge mota, wani abu mai kama da danƙo da aka ƙirƙiro a Japan, ya yaɗu a Amurka cikin shekarun 1990. Ana fesa ruwan sabulu domin santsi, a riƙa zamar da yumɓun a hankali kan fili kamar faɗin tabarmar salla rabi, shi kuma yana tsince abin da ya rage. In ya yi datti a ninke shi a buɗe sabon gefe, in ya faɗi ƙasa a yar, domin ya kwashi yashi. Dalilin da ya sa yake zuwa bayan sinadari shi ne, in aka fara da shi zai ja ɓarɓashin ƙarfe ya zane fentin.

Sai a mataki na huɗu ake kawo injin goge. A nan ne aka fi yin ɓarna, domin gogewa kankare shafin sama ne. Gwani yakan gwada ɗan wuri da man goge mai laushi tukuna, ya kuma kiyaye gefuna da kusurwoyi inda fenti ya fi siranta. Bayan haka dole a shafa kakin mota ko makamancinsa, in ba haka ba fentin zai zauna tsirara a rana.

Ya kamata a guji omo, da fetur, da tina, da soson ƙarfe, da samfefa a hannun wanda bai ƙware ba. Haka kuma a san iyakar wannan aiki. Idan shafin sama ya fara ɓarewa kamar saɓar maciji, ko ya yi fari fat a rufi da bonet, ko tsatsa ta huda daga ciki, to babu wankin da zai raya shi. A nan sai fenti, kuma ya fi kyau a tsaya ga ɓangaren da ya lalace, a gaya wa mai saye gaskiya.

Ga dillali mai motoci da yawa, ƙaramar na'urar auna kaurin fenti jari ce mai amfani. Tana nuna inda aka taɓa sake fenti, domin a nan awon kan ninka, tana kuma nuna inda fenti ya yi sirantar da ba zai jure injin goge ba. Kamfanonin da ke ajiye motoci kuwa, wanki duk mako biyu, da cire kashin tsuntsu ranar da ya faɗi, da ajiye mota ƙarƙashin rumfa maimakon bishiya, sun fi duk waɗannan matakai arha.