Zango a bakin tabki

A ƙasar Faransa, cikin watannin Yuli da Agusta, iyalai da yawa suna tafiya hutu da mota mai kama da ɗaki. A cikinta akwai gado, da murhu, da tankin ruwa, da makewayi.

Wasu suna ya da zango a bakin tabkin Anesi. Suna biyan kuɗin kwana, a ba su fili da lantarki. Amma an hana su zubar da ruwan wanke-wanke a ƙasa. Akwai magudana ta musamman domin haka.

A da, ƙazanta ta fara ɓata tabkin. A 1957, garuruwan kewaye suka haɗa kai don kare shi. Yau ruwansa garai-garai yake, kuma shi mutanen Anesi suke sha.