Agogon Jabu: Mai Saye Ya Sani, Amma Wa Zai Sanar da Na Bayansa?

A wannan mako filinmu zai duba wata ɗabi'a da ta yaɗu a ƙasashe da yawa, watau saye da tara agogunan hannu na kwaikwayo, waɗanda aka buga wa sunayen manyan kamfanonin ƙasar Suwizalan alhali kuwa ba su suka ƙera su ba. A da, wanda aka gani da agogon jabu, ko dai cutarsa aka yi, ko kuwa yana ɓoye zancen don kunya. Yanzu kuwa akwai mutanen da suka mai da abin sha'awa, kamar yadda wani kan yi kiwon tattabaru ko dawaki. Sukan tanadi akwati na musamman su jera goma ko ashirin, suna gardama a kan wace masana'anta ce ta fi iya kwaikwayo.

Idan aka yi musu magana, hujjarsu ɗaya ce: mai sayarwa ya faɗa mini jabu ne, ni ma na sani, da kuɗina na saya, to wa aka cuta? Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Wannan hujja tana da nauyi, kuma ta cancanci a amsa ta da natsuwa, musamman da yake a cikin masu karatunmu akwai fataken da ke zuwa sarin kaya Dubai da ƙasar Sin, da ma'aikatan da ake kawo musu irin wannan haja har ofis.

Sunan da ake kwaikwayo

Bari mu ɗauki Rolex a matsayin misali, domin shi aka fi yi wa jabu. Wani Bajamushe mai suna Hans Wilsdorf ne ya kafa kamfanin a birnin Landan a shekarar 1905, ya yi rajistar sunan Rolex a 1908, kana bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya mai da aikinsa birnin Janeba na Suwizalan. A 1926 kamfanin ya fito da agogon Oyster wanda ruwa ba ya shiga, a 1953 kuma ya ƙera Submariner domin masu nutso a teku. Watau sunan da muke gani a fuskar agogon nan ya haura shekara ɗari ana gina shi.

A ƙarshen 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fito da agogon hannu mai aiki da batir da wani ɗan ƙanƙanen dutse mai kama da ƙarau, wanda ya fi agogon wani kiyaye lokaci. Cikin 'yan shekaru farashin irinsa ya faɗi ƙwarai, kasuwar Suwizalan ta girgiza, har ma'aikatan sana'ar agogo a ƙasar suka ragu daga kimanin 90,000 a 1970 zuwa kimanin 30,000 a tsakiyar shekarun 1980. Tun daga sannan agogon Suwizalan mai tsada ya koma kayan ado da alamar matsayi, tun da na 'yan kuɗi kaɗan ma yana faɗin lokaci daidai. A shekarar 2024 farashin sabon Submariner na ƙarfe ya haura dala 9,000, kuma sau da yawa sai mai saye ya rubuta suna ya jira. Inda duk suna ya yi tsada haka, lalle a sami masu neman cin moriyarsa a ɓagas.

Yadda jabu ya ƙware

Galibin agogunan jabu daga ƙasar Sin suke fitowa, musamman lardin Guangdong inda birnin Guangzhou yake. Hawa-hawa ne su ma. Na ƙasa shi ne wanda ake zubawa a faranti a bakin titi: ba shi da nauyi, ruwan zinarinsa yakan koɗe cikin 'yan watanni, kuma hannun da ke ƙidayar sakan yana tsalle ɗaya-ɗaya saboda injin batir ne a ciki. Injin Rolex na wani kuwa yana bugawa sau 28,800 a sa'a, watau sau takwas a kowane sakan, shi ya sa hannun ke tafiya sumul kamar yana sulalewa. Haka nan ɗan gilashin da ke kan kwanan wata yana ƙara girman lamba ninki biyu da rabi, abin da jabun da can ba ya iyawa.

Amma na sama, wanda masu tarawa ke nema, ya wuce duk wannan. Ana sayar da shi dala ɗaruruwa, an kwaikwayi nauyinsa da ƙarfensa da injinsa, a haɗa masa akwati da katin shaida na ƙarya. Akwai wanda sai ƙwararren mai gyaran agogo ya buɗe bayansa ya sa madubin ƙara girma kafin ya tantance. Don mu san iyakar wuyar tantance agogo a zamanin nan, a Nuwamba 2021 kamfanin Omega da kansa ya sayi wani tsohon agogonsa samfurin Speedmaster na 1957 a gwanjon Janeba a kan faran miliyan 3.1 na Suwizalan, sai a 2023 kamfanin ya bayyana cewa ashe harhaɗa shi aka yi daga sassan agoguna daban-daban. In masu abu sun ruɗu, ina ga ɗan kasuwar da aka kawo wa jingina da almuru?

Sana'ar jabu kuwa ba ƙarama ba ce. Rahoton da ƙungiyar OECD da ofishin kare haƙƙin ƙirƙira na Tarayyar Turai suka fitar a 2019 ya ƙiyasta cinikin jabun kaya tsakanin ƙasashe a 2016 a kan dala biliyan 509, watau kashi 3.3 cikin ɗari na cinikin duniya, kuma agoguna na cikin kayan da jami'an kwastan suka fi kamawa.

Abin da aka rubuta a fuskar agogo

Mu ɗauki Submariner mu karanta fuskarsa. Akwai sunan kamfani da tambarin kambi. Akwai rubutun da ke cewa a Suwizalan aka ƙera shi, kuma tun 2017 dokar ƙasar ba ta yarda a rubuta haka ba sai aƙalla kashi 60 cikin ɗari na kuɗin ƙera agogon a can aka kashe. Akwai shaidar cewa an jarraba injinsa, jarrabawar da wata hukuma mai zaman kanta ke yi har kwana 15, ba ta kuma amincewa da injin da ke jinkirin fiye da sakan 4 ko gaggawar fiye da sakan 6 a yini. Akwai kuma alkawarin cewa zai jure zurfin ruwa mita 300.

Shaida huɗu ke nan, kuma a kan agogon jabu duka huɗun na zur ne. Mai sayarwa ya faɗi gaskiya da bakinsa sau ɗaya, a gaban mutum ɗaya, maganar ta bi iska. Ƙaryar kuwa an zana ta a kan ƙarfe, tana nan tana magana da duk wanda ya kalli agogon, yau da gobe da bayan ran mai shi. A nan ne hujjar masu tarawa ta gaza.

Inda agogo ke zuwa bayan mai shi

A ƙaddara wani attajiri ya rasu ya bar akwatin agoguna goma sha biyu, biyu na gaske, goma na kwaikwayo, shi kaɗai ya san bambancinsu. Masu rabon gado suka zo suka yi wa kaya kuɗi bisa sunan da suka gani. Aka ba ɗa ɗaya fili, aka ba wata marainiya agoguna uku a kan cewa darajarsu ɗaya. Ranar da aka kai su kasuwa sai aka tarar ba su kai kuɗin tunkiya ba. Mamacin bai yi nufin cutar kowa ba, amma abin da ya bari ya cinye haƙƙin 'yarsa, ya kuma haddasa gaba tsakanin 'yan'uwa.

Haka abin yake idan aka ba da shi jingina a kan bashi, ko aka sa shi cikin kayan lefe, ko aka yi kyauta da shi ba tare da bayani ba, wanda aka ba ya ɗauki nauyin godiya da ramuwa a kan abin da bai kai ba. Haka nan idan ɗa ya ɗauka ya sayar, ko dillali ya karɓa ya wuce da shi. Ilmin cewa jabu ne yana tsayawa ga mai saye na farko, agogon kuwa ya ci gaba da tafiya hannu zuwa hannu.

Shari'a ta tsananta a kan ɓoye aibin haja. A cikin Sahihu Muslim an ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannunsa cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tuhumi mai shi a kan rashin fito da jiƙaƙƙen sama inda mutane za su gani, ya kuma nesanta kansa daga mai algus. Haka kuma ya hana a tara nono a hantsar dabba don ta yi kwarjini ga mai saye, ya ba wanda aka ruɗa zaɓin mayar da ita tare da sa'i ɗaya na dabino. A kan irin waɗannan ne malaman fiƙihu, har da na mazhabar Imam Malik, suka gina hukuncin cewa wanda aka ɓoye wa aibi yana da ikon mayar da haja ya karɓi kuɗinsa. Abin lura a ƙissar farko shi ne umurnin a sa aibi a inda ido zai gan shi. Agogon jabu kuwa an ƙera shi ne musamman don kada ido ya gani, kuma gwargwadon iya ɓoyewarsa, gwargwadon tsadarsa a wurin masu tarawa.

Haƙƙin mai suna

Wani zai ce, to ai kamfanin Turawa ne mai ɗimbin dukiya, me zai rage shi? Amsa ita ce Shari'a ba ta halatta dukiyar mutum don yana da yawa ko don ba Musulmi ba ne. Majalisar Fiƙihu ta Duniya, wadda ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi, ta duba wannan mas'ala a zamanta na biyar a Kuwait cikin Disamba 1988, ta yanke cewa sunan kasuwanci da tambarin haja da haƙƙin marubuci da na mai ƙirƙira dukiya ce ta masu su, wadda Shari'a ke karewa, bai halatta a keta ta ba. Fatakenmu sun fi kowa sanin zafin wannan. Wanda ya shekara ashirin yana gina sunan shagonsa a kan atamfa ko shadda mai kyau, ya wayi gari an buga lambarsa a kan mai rauni, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Mai saye kuma, ko da don kansa ne, kuɗinsa ne ke raya masana'antar. A wasu ƙasashe, irin su Italiya da Faransa, doka takan hau kan mai saye ma, abin da ya kamata matafiya su kiyaye.

Ga ma'aikacin gwamnati

Akwai wata fuska da ta shafi ma'aikaci. Bukhari da Muslim sun ruwaito hadisi daga Asma'u 'yar Abubakar, Allah Ya yarda da su, wanda ya zargi mai tunƙaho da abin da ba a ba shi ba, ya kamanta shi da mai ado da tufafin ƙarya. Wanda ya ɗaura jabu don a ɗauka na gaske ne, sai ya auna kansa da wannan ma'auni. Bugu da ƙari, akawu ko darakta da jama'a suka san albashinsa, in suka ga agogon dala dubu goma a hannunsa, ɗayan biyu za su zata: ko ya ci amanar ofis, ko yana ƙarya. Ya sayi mugun zato da kuɗinsa, na ƙasa da shi kuma su ɗauka haka ake yi. Kama da wane dai ba ta wane.

Mafita

Sha'awar agogo ba laifi ba ce, kuma Musulmi ya fi kowa bukatar sanin lokaci. Ƙofar halal a buɗe take. Akwai kamfanoni irin su Seiko da Citizen da Orient da Casio masu agoguna nagari, na wani da na batir, ɗauke da sunansu na gaskiya, da yawansu a farashin da bai kai na babban jabu ba. Akwai ma masu bin fasalin shahararrun agoguna amma su buga nasu suna, ba su jingina kansu ga kowa ba. Mai son tarawa yana iya tara waɗannan, ko tsofaffin agogunan iyaye da kakanni, ya gyara su ya adana.

Wanda kuwa ya riga ya mallaki jabu, shawararmu ita ce ya kai wa mai gyara ya goge sunan ko ya sauya fuskar, ko a yi masa alama a bayansa wadda ba ta gogewa. Ya rubuta a takarda wanne ne na gaske, wanne ne na kwaikwayo, ya ajiye tare da wasiyyarsa, ya kuma sanar da iyalinsa tun yana da rai. Kada ya ba da shi jingina ko kyauta sai da bayani. Ɗan kasuwar da ke da ragowarsu a shago ya tuntuɓi malaman da ya amince da su a kan yadda zai rabu da su, kada kuma ya sake saro wasu, domin ribar da aka gina a kan sunan wani ba ta da albarka.

Allah Ya tsarkake mana dukiyarmu, Ya tsare mu daga cin haƙƙin bayinSa da saninmu ko ba da saninmu ba, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.