Furotin ɗin Tsirrai a Kan Sikeli: Abinci ne ko Guba?

Wake, alkama, gyaɗa, waken suya da tumatir suna cikin abincin da likitoci suka daɗe suna kwaɗaita wa mutane ci. A 'yan shekarun nan kuma an samu wasu likitoci da marubuta, galibinsu a Amurka, waɗanda ke cewa a cikin waɗannan abinci akwai wasu nau'o'in furotin da ke yi wa jiki ɓarna a ɓoye. Guda biyu aka fi ambata, wato lektin da guluten. Muhawarar ta fita daga mujallun masana ta shiga talabijin da shafukan sada zumunta, har ta kai wasu sun ƙaurace wa wake da hatsi baki ɗaya. Wannan rubutu zai bi asalin maganar, da hujjar kowane ɓangare, da kuma inda bincike ya tsaya.

Lektin wani rukuni ne na furotin da ke da halin manne wa ƙwayoyin sukarin da ke jikin ƙwayoyin halitta. Akwai shi a tsirrai da dabbobi, amma ya fi yawa a cikin iri, musamman dangin wake da hatsi. Masana na ganin yana cikin makaman da tsiro ke kare 'ya'yansa da su daga ƙwari da cututtuka. An fara gano shi a shekarar 1888, lokacin da wani ɗalibin likitanci mai suna Peter Hermann Stillmark, a Jami'ar Dorpat da ke ƙasar Istoniya ta yanzu, ya tace wani sinadari daga 'ya'yan zurma, ya ga yana dunƙule jajayen ƙwayoyin jini wuri ɗaya. Wannan sinadari shi ne risin, guba mai kisa, wadda aka yi amfani da ita wajen kashe marubucin Bulgeriya Georgi Markov a birnin Landan a 1978.

Sai dai ba a taru an zama ɗaya ba. Nau'o'in lektin suna da yawan gaske, kuma kowanne da irin sukarin da yake kamawa da irin aikin da yake yi. Wasu guba ne, wasu ba sa yin komai a cikin mutum, wasu kuma ana amfani da su a ɗakunan gwaji wajen tantance rukunin jini.

Akwai ɓangaren da babu jayayya a kansa. Ɗanyen jan wake, irin mai siffar ƙoda da ake ci sosai a Amurka da Turai da gabashin Afirka, yana ɗauke da wani lektin mai ƙarfi. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta bayyana cewa ƙwaya huɗu ko biyar na ɗanyensa sun isa su tayar wa mutum da ciki. Cikin awa ɗaya zuwa uku sai tashin zuciya da amai su fara, gudawa ta biyo baya, yawanci kuma mutum kan warware cikin 'yan awoyi. A 1988 wani asibiti a Birtaniya ya ware ranar cin lafiyayyen abinci a ɗakin cin abincin ma'aikatansa. Cikin abin da aka dafa har da jan wake. Kafin dare mutum 11 sun kamu da amai, ɗaya daga cikinsu likitan tiyata ne da abin ya same shi yana tsakiyar aiki. Gwaji ya nuna ba ƙwayar cuta ba ce, lektin ne da ya rage a waken. A 2006 ma wani shirin talabijin a Japan ya koya wa masu son rage ƙiba su gasa farin wake na 'yan mintuna, su niƙa, su barbaɗa a kan shinkafa. Fiye da mutum ɗari suka kwanta da amai da gudawa.

Abin da ya haɗa waɗannan aukuwa guda ɗaya ne: waken bai dahu ba. Zafin tafasa yana lalata wannan lektin. A ma'aunin da hukumar ta Amurka ke amfani da shi, ɗanyen jan wake na da tsakanin awo 20,000 zuwa 70,000, dafaffe kuwa 200 zuwa 400 kacal. Shi ya sa ake ba da shawarar a jiƙa shi aƙalla awa biyar, a zubar da ruwan, a zuba sabo, a tafasa shi sosai na minti 30. Ɗumama shi a wuta maras ƙarfi, yadda ruwan ba zai kai ga tafasa ba, ba ya kashe gubar. Lamarin ya yi kama da na rogo mai ɗaci: ɗanyensa na iya halaka mutum, amma idan aka jiƙa aka sarrafa shi yadda ya kamata sai ya zama abincin miliyoyin jama'a.

Inda aka rabu shi ne a kan dafaffen abinci na yau da kullum. A 1996 wani mai maganin gargajiyar zamani a Amurka, Peter D'Adamo, ya fitar da littafi yana cewa kowane rukunin jini da lektin ɗin da ba sa jituwa, don haka kowa ya ci abinci gwargwadon rukunin jininsa. Littafin ya samu kasuwa sosai. Amma wani bita da aka wallafa a 2013 bai samu hujjar da ta goyi bayan wannan tsari ba. A 2014 kuma masu bincike a Jami'ar Toronto ta Kanada suka auna mutum 1,455, suka ga cewa duk amfanin da wasu daga cikin tsare-tsaren abincin suka yi, ba shi da alaƙa da rukunin jinin mai ci.

Wanda ya sake hura wutar shi ne Steven Gundry, likitan tiyatar zuciya da ya taɓa shugabantar wannan sashe a Jami'ar Loma Linda ta jihar Kalifoniya. A littafinsa The Plant Paradox na shekarar 2017, ya ce lektin na kama bangon hanji, ya buɗe ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyinsa, abubuwan da bai kamata su shiga jini ba su shiga. Daga nan, a cewarsa, garkuwar jiki kan harzuƙa, abin ya zama ƙiba, ciwon sukari, ciwon gaɓoɓi da cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita. Ya shawarci mutane su guji alkama, masara, shinkafar da ba a cashe ba, gyaɗa, waken suya, dankalin turawa, da tumatir da tattasai sai an cire ɓawo da 'ya'ya. Wake kuwa bai yarda da shi ba sai an dafa a tukunyar matsin tururi. Gero da dawa suna cikin 'yan hatsin da ya bari a ci. Littafin ya ƙara suna a 2018 bayan mawaƙiyar Amurka Kelly Clarkson ta ce ta rage ƙiba ta hanyar bin sa.

Masu wannan ra'ayi ba su rasa abin kafa hujja ba. Gwaje-gwajen da aka yi a kan ɓeraye sun nuna cewa ɗanyen lektin na wake yana lalata bangon hanji, ya hana jiki tsotse abinci, ya tsayar da girma. An kuma san cewa wasu nau'o'in, kamar na gyaɗa, suna jure zafi da narkewar ciki, har an taɓa gano ɓurɓushinsu a jinin mutane bayan sun ci gyaɗa da yawa. Ga kuma shaidar marasa lafiyar da suka ce sun ji sauƙi bayan sun canza abinci.

Masu suka suna amsawa ta fuska uku. Ta farko, yawancin gwaje-gwajen an yi su ne da ɗanyen wake ko tataccen lektin mai yawa, aka ba ɓera ko aka zuba wa ƙwayoyin halitta a cikin kwalbar gwaji. Mutum kuwa dafaffe yake ci, kuma cikin sauran abinci. Ganin ɓurɓushin abu a jini bai nuna ya haddasa cuta ba.

Ta biyu, idan da'awar gaskiya ce, da masu cin wake da hatsi sun fi kowa rashin lafiya. Abin da aka gani akasin haka ne. A 2014 wani bita da ya haɗa gwaje-gwaje 26 a kan mutane ya nuna cewa cin kimanin giram 130 na dangin wake a kullum yana rage mugun kitsen jini da kusan kashi biyar cikin ɗari. A 2016 mujallar likitocin Birtaniya ta wallafa wani bita na bincike 45, wanda ya nuna cewa masu cin giram 90 na hatsin da ba a raba shi da dusarsa ba a kowace rana, haɗarin mutuwarsu cikin shekarun binciken ya ragu da kashi 17 cikin ɗari. A garin Loma Linda ɗin da Gundry ya yi aiki, mabiya cocin Adventist da aka daɗe ana bincike a kansu saboda tsawon rai, wake da hatsi da 'ya'yan itace masu mai suna cikin manyan abincinsu. Irin wannan bincike na bin diddigin jama'a ba ya tabbatar da cewa wake kaɗai ne dalili, amma yana da wuya a daidaita shi da cewa wake guba ne.

Ta uku, wanda ya bi tsarin Gundry yakan daina shan lemon kwalba, ya bar sukari da biskit da abincin leda, ya ƙara ganye da kifi. Wannan kaɗai ya isa ya rage ƙiba, ko da lektin ko babu. Kafin a ɗora wa lektin laifi sai an yi gwajin da ya ware shi daga sauran sauye-sauyen. Masu suka sun kuma lura cewa Gundry yana sayar da ƙwayoyin ƙarin abinci da ake tallatawa a matsayin garkuwa daga lektin, wanda ke sa a ƙara taka-tsantsan da maganarsa.

Batun guluten ya ɗan bambanta, domin a nan akwai cutar da aka tabbatar. Guluten shi ne furotin ɗin da ke sa ƙullun alkama danƙo, ya kama iska ya tashi. Akwai shi a alkama da sha'ir da wani hatsin ƙasashen sanyi da ake kira rai. Kimanin mutum ɗaya cikin ɗari na da cutar siliyak, wadda a cikinta garkuwar jiki ke afka wa bangon ƙaramin hanji duk lokacin da guluten ya shiga. Alamunta sun haɗa da gudawa mai naci, kumburin ciki, rama, ƙarancin jini, da rashin girma ga yara. Likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya danganta ta da alkama. A lokacin yunwar da ta afka wa ƙasarsa a 1944 zuwa 1945, burodi ya yi wuya, sai yaran da ke fama da cutar suka samu sauƙi. Da burodi ya dawo, ciwon ya dawo. Maganinta shi ne barin guluten har ƙarshen rayuwa. Akwai kuma wasu da ba su da siliyak amma suke jin damuwar ciki bayan cin alkama, kuma wasu gwaje-gwaje sun nuna cewa ga da yawa daga cikinsu wani nau'in sukari mai wuyar narkewa da ke cikin alkamar ne ke jawo kumburin.

Ga sauran jama'a kuwa, littattafai irin su Wheat Belly na William Davis a 2011 da Grain Brain na David Perlmutter a 2013 sun yi iƙirarin cewa alkama na cutar da kowa. Wani bincike da aka wallafa a 2017, wanda ya bi ma'aikatan lafiya sama da 100,000 a Amurka na tsawon shekara 26, bai samu alaƙa tsakanin yawan cin guluten da ciwon zuciya ba. Masu binciken sun ma yi gargaɗin cewa gudun guluten ba dalili na iya raba mutum da hatsi mai dusa da ke kare zuciya.

Bayan masu cin waken da bai dahu ba da masu cutar siliyak, rukuni na uku da furotin ɗin tsirrai ke cutarwa da gaske su ne waɗanda jikinsu ba ya jituwa da wani abinci, kamar gyaɗa ko waken suya. Ɗan kaɗan na iya jawo musu borin jini, kumburin leɓe da maƙogwaro, ko sarƙewar numfashi da ke buƙatar asibiti nan take. Dafuwa ba ta kawar da wannan haɗari.

Muhawarar ta shafi ƙasar Hausa ta hanyar wake. Najeriya da Nijar su ne kan gaba a duniya wajen noman irin waken da aka saba ci a nan, kuma ga gidaje da yawa shi ne madadin nama. Waken da ake nomawa a nan ba jinsi ɗaya ba ne da jan waken da ya kwantar da mutane a Birtaniya, lektin ɗinsa kuma bai kai na wancan ƙarfi ba. Hanyoyin sarrafa shi duk suna bi ta wuta: ƙosai ana soyawa, alale ana turarawa, ɗanwake ana tafasawa, garau-garau sai waken ya yi laushi. Kalwa sai an daɗe ana dafa ta, sannan a rufe ta ta ruɓa kafin ta zama daddawa. Madarar waken suya sai ta tafasa kafin a haɗa awara, kuma wannan tafasar ce ke lalata lektin ɗinsa da wani furotin da ke hana narkewar abinci. Kumburin ciki da iskar da wake kan sa wa wasu ba aikin lektin ba ne. Wasu nau'o'in sukari ne da ƙwayoyin babban hanji ke ci su fitar da iska, kuma jiƙawa da zubar da ruwan na rage su. Gero, dawa, masara, shinkafa da acca ba su da guluten, don haka mai cutar siliyak zai bar burodi, taliya, gurasa da funkaso, ya ci gaba da tuwonsa da furarsa.

Abin da bincike ya tabbatar zuwa yanzu shi ne, furotin ɗin tsirrai na cutarwa a yanayi uku: idan an ci dangin wake ɗanye ko bai dahu ba, idan mutum na da cutar siliyak, ko idan jikinsa ba ya jituwa da wani abinci. Da'awar cewa dafaffen wake da hatsi da tumatir na cutar da kowa ba ta samu gwajin da ya tabbatar da ita a kan mutane ba. Duk wanda ke zargin wani abinci na damun sa, abin da ya dace shi ne ya ga likita a gwada shi tun kafin ya daina ci, domin gwajin siliyak ba ya nuna gaskiya idan an riga an bar alkama.