Bahagon makaɗin jita wanda hanyarsa ta biyo ta Sakkwato

Duk wanda ya taso daga Ikko ko Badun ko Fatakwal za shi gida, ya ya da zango a Abuja, in ya ratsa ta Kado, wajen kasuwar kifi, ba nisa da tafkin Jabi, zai ga irin 'yan rumfunan nan da muka saba gani a Agege da Idi-Araba da unguwar Sabo ta Badun. Ga yaro zaune gaban kwamfuta, ga wayoyi jere ana caji, mutum ya miƙa 'yan kuɗi kaɗan a cika masa memori da waƙoƙi. Mai saye ba ya tambayar wanda ya yi waƙar, shi ma mai turawa sau da yawa bai san shi ba. In dai waƙa ta yi daɗi, shi ke nan.

To, ta irin wannan hanya ce wani saurayi Ba'abzine daga Jumhuriyar Nijar ya fita duniya. Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, amma an fi saninsa da Mdou Moctar. Yau Turawa suna lissafta shi cikin gwanayen kaɗa jita na wannan zamani. Abin da jama'a da yawa ba su sani ba shi ne, faifansa na farko a birnin Sakkwato aka ɗauke shi, da kayan aikin masu waƙoƙin fim ɗin Hausa. Labarinsa labarin ɗan ci-rani ne wanda ya ari kayan aikin mutane ko'ina ya je, amma bai taɓa aron bakinsu ba.

Kiɗan marasa aikin yi

Kafin mu shiga labarinsa, ya kamata mu san inda wannan kiɗa ya samo tushe. Dattawan da suka daɗe a kurmi za su tuna da farin 1973 da 1974, da kuma na 1984, sa'ad da dabbobin Abzinawa, watau waɗanda mu ke kira Buzaye, suka ƙare ƙarƙaf. Waɗansu suka gangaro Kano da Kaduna har Ikko, suka kama aikin gadi da rawunansu da takubbansu da 'yar butar shayi. Waɗansu kuwa suka nufi arewa, Aljeriya da Libiya.

Samarin da suka yi arewa su aka laƙaba wa suna ishumar, kalmar da aka aro daga Faransanci, ma'anarta marasa aikin yi. A can suka gamu da jita, suka ɗora mata waƙoƙin begen gida da harshensu na Tamashek. Wannan kiɗa suna ce da shi assouf, watau kewa. Duk wanda ya taɓa yin salla a wata uwa duniya, iyalinsa na can gida, ba sai an fassara masa kalmar ba. Ƙungiyar da ta fi suna a cikinsu ita ce Tinariwen ta mutanen Mali, wadda ta sami lambar yabo ta Grammy a Amurka cikin 2012. A Nijar kuwa, uban tafiyar shi ne Abdallah Oumbadougou, wanda a zamanin tawayen Abzinawa, kafin sulhun watan Afrilu na 1995, a ɓoye a ke yawo da kaset-kaset ɗinsa.

Jita da wayar birkin keke

An haifi Mdou Moctar a jihar Tawa a tsakiyar shekarun 1980, ya kuma yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a Arlit, garin da a ke haƙar ma'adinin yuraniyom tun 1971. Yana yaro ya ga Abdallah Oumbadougou yana wasa a gaban jama'a, daga ranar nan abin ya shiga ransa. Amma gidansu gidan masu riƙon addini ne, ba su yarda ɗansu ya zama makaɗi ba, balle a yi zancen saya masa jita. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, don mu ma mun san yadda a ke kallon ɗan da bai gaji kiɗa ba ya ce zai ɗauki garaya ko gurmi.

Da ya ga haka, sai ya nemi katako, ya samo wayoyin birkin keke ya ɗaura, ya haɗa tasa jitar da hannunsa, ya riƙa koyo shi kaɗai. Ga shi kuma bahago, saboda haka duk jitar da ya ara daga baya sai ya juya ta kafin ta kaɗu. Da ya tasa, shi ma ya bi sawun magabata, ya tafi ci-rani Libiya, ya yi aikin ƙarfi, kana ya komo gida ya shiga kiɗan biki.

Zuwa Sakkwato

Cikin 2008 ya tsallako iyaka ya zo Sakkwato don ya ɗauki waƙoƙinsa. A lokacin nan sana'ar fim ɗin Hausa, wadda ta kankama a Kano tun daga fim ɗin Turmin Danya na 1990, ta riga ta haifi nata irin kiɗa. Ba kalangu, ba kotso, ba kukuma: fiyano ɗaya ce ta lantarki, yawanci ƙirar Yamaha, ita ce ganga, ita ce sarewa, sa'an nan a bi muryar mawaƙi da wata manhaja mai suna Auto-Tune, wadda ke daidaita murya har ta riƙa karkarwa kamar ta inji. Manya da yawa sun raina wannan kiɗa, suna cewa na yara ne da 'yan kwaikwayon Indiya.

Da wannan kayan aiki aka yi wa Mdou faifansa na farko mai suna Anar. Jitarsa ta hamada tana tafe a hankali, gangar inji tana biye, muryarsa kuma an wanke ta irin ta mawaƙan fim ɗin Kano. Amma waƙoƙin da harshen Tamashek ya rera su. Sauti na Hausawa, baki na Abzinawa. Wannan gauraye shi ya bambanta shi da sauran masu jita na hamada, waɗanda a lokacin kusan duk hanya ɗaya su ke bi.

Haɗa jita da kiɗan inji ba a kansa farau ba. A Ingila, makaɗin jita Bernard Sumner ya fara da ƙungiyar Joy Division a yankin Manchesta cikin 1976. Da mawaƙinsu Ian Curtis ya mutu cikin 1980, sauran suka kafa New Order, Sumner ya karɓi waƙa, suka shigo da fiyanon lantarki da gangar inji, har suka fitar da Blue Monday cikin 1983, wadda ta yi kasuwa ƙwarai. Su daga jita suka gangara zuwa inji. Shi kuwa Mdou, duniya ta fara jinsa ne tare da inji, daga baya ya ajiye shi ya fito da jita tsagwaronta.

Waƙa ta tafi, suna bai bi ta ba

Ba wani kamfani da ya buga Anar a lokacin. Daga waya zuwa waya waƙoƙin suka riƙa tafiya, ta bulutut da memori, a tashar mota da bakin kasuwa da majalisar shayi, har suka ƙetare Nijar suka kai arewacin Mali. Dubban mutane na sauraro, mai waƙa bai sami ko anini ba, waɗansu ma ba su san ko wane ne ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi, sai dai a nan ko gardin ma 'yan canji ya ke samu.

Ana nan sai wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mutumin birnin Portland, ya zauna a garin Kidal na Mali yana tattara waƙoƙin da ke cikin wayoyin jama'a. Ɗaya daga cikinsu, mai suna Tahoultine, ta tsaya masa a rai. Cikin 2011 kamfaninsa, Sahel Sounds, ya fitar da faifan da ya tara irin waɗannan waƙoƙi na wayoyin hamada, da Tahoultine a ciki. Abin yabo a nan shi ne bai tsaya ga kwasa ba. Sai da ya bi diddigin masu waƙoƙin don a biya su haƙƙinsu, da haka ya gano Mdou Moctar, ya je har Nijar ya same shi, ya kuma kawo masa jitar lantarki irin ta bahagwai. Kamfanin nan dai shi ne ya fitar da faifan Harafin So cikin 2013, wanda ya tara waƙoƙin fim ɗin Hausa don masu sauraro na ƙasashen waje. Shi kansa Anar sai cikin 2014 aka buga shi sosai, shekara 6 bayan ɗaukarsa.

Daga Agadas zuwa Amurka

Daga nan ƙofa ta buɗe. Cikin 2013 aka fitar da Afelan, wanda aka ɗauka yana wasa a gaban jama'a a Nijar. Cikin 2015 ya fito a wani fim da aka shirya a Agadas da harshen Tamashek, wanda aka gina bisa fim ɗin Purple Rain na mawaƙin Amurka Prince, na 1984. Da ya ke harshensu ba shi da kalmar launin shunayya, sai aka sa wa fim ɗin suna Akounak Tedalat Taha Tazoughai, watau ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja-ja a ciki. Labarin kuwa kusan nasa ne: saurayi mai jita da babur, ga uba ba ya so, ga abokan hamayya.

Sai ya kafa ƙungiya ta mutum 4: shi da Ahmoudou Madassane mai jita ta biyu, da Souleymane Ibrahim mai ganguna, da wani Ba'amurke, Mikey Coltun, mai jita mai babbar murya. An ɗauki Ilana a birnin Detroit, ya fito cikin 2019. Cikin 2021 kamfanin Matador na birnin New York ya fitar da Afrique Victime, wanda ya ɗaga sunansa ƙwarai. Funeral for Justice ya biyo baya a watan Mayu na 2024, a shekarar da ya yi wasa a babban bikin kiɗa na Coachella a jihar Kalifoniya.

Wanda ya san shi da Anar kaɗai, in ya ji waɗannan zai yi mamaki. Yanzu jitar ce ke ruri, yatsunsa na gudu a kanta kamar ana kora su, gangar tana ƙara sauri irin na kiɗan bikin Agadas in dare ya yi nisa. Turawa kan kwatanta shi da Jimi Hendrix, wanda shi ma bahago ne. Amma in ka kasa kunne da kyau za ka ji takamba, tsohon kiɗan da Abzinawa ke yi da molonsu mai tsirkiya 3, yana nan a ƙarƙashi. Rawaninsa da babbar rigarsa kuma bai taɓa tuɓe su don hawa dandamalin Turai ba.

Abin da ya ke faɗa

Waƙoƙinsa ba na soyayya kaɗai ba ne. Yana kukan halin da Afirka ke ciki, yana kuma zargin Faransa a fili, har da waƙa mai suna Oh France. Mutumin da ya tashi a Arlit ya ga ana kwasar yuraniyom ana haskaka biranen wata ƙasa, alhali yawancin ƙauyukan ƙasarsa ba su san wutar lantarki ba. A wata waƙar, Imouhar, yana jan kunnen 'yan'uwansa kada su bari harshensu ya ɓace a bakin 'ya'yansu. A faifan Afrique Victime kuma ya karrama Abdallah Oumbadougou, wanda ya rasu cikin 2020. Daga abin da ya ke samu, ya sa an haƙa rijiyoyi a ƙauyukan da ke fama da ƙishirwa.

Baƙunci kuwa ya ɗanɗana masa ɗacinsa. Ran 26 ga watan Yuli na 2023, suna tsakiyar rangadi a Amurka, sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, aka rufe iyakoki, Nijeriya ma ta yanke wutar da ta ke bai wa Nijar. Mdou da abokansa suka maƙale a ƙasar mutane, iyalansu na gida, har sai da masoyansu suka yi musu karo-karo. A cikin wannan zaman jira suka shiga ɗakin ɗaukar murya a New York, suka sake rera waƙoƙin Funeral for Justice da jitar katako a sanyaye. Shi ne faifan Tears of Injustice wanda ya fito cikin 2025.

Namu rabon

Jama'a, akwai abu biyu a nan da suka shafe mu. Na farko, kiɗan fiyanon nan da a ke rainawa a gida, shi ne ya fara jan kunnen duniya zuwa ga wannan bawan Allah. Samarin da ke aiki a ƙananan ɗakunan ɗaukar murya na Sakkwato da Kano da Kaduna sun cancanci a san da su. Amma waƙa in ta tafi ba da sunan mai ita ba, sai an yi sa'a ƙwarai kafin wani ya biyo sawu. Mdou ya yi wannan sa'a, ɗaruruwa ba su yi ba. Ko ba komi, mai tura waƙa a Kado ko Agege ya rubuta sunan mawaƙi a jikinta, mai saye kuma ya tambaya.

Na biyu ya fi kusa da mu mazauna kurmi. Akwai gidajenmu a Ikko da Badun inda yara ke jin Hausa amma ba sa iya mayarwa, iyaye kuma na ganin ci gaba ne. Ga mutum ya zaga Turai da Amurka, dubbai na tafa masa, ba su jin ko kalma ɗaya ta abin da ya ke faɗa, bai kuwa canja harshe don ya faranta musu ba. Ya ari fiyanon Sakkwato, ya ari jitar Bature, amma abin da ya sa a ke biyan kuɗi a zo kallonsa shi ne wanda ya taho da shi daga gida. Masu iya magana dai sun ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.