Ladubban Tada Babur da Sanyin Asuba

Duk wanda ya taɓa kwana a Birnin Konni cikin watan Janairu, sa'ad da hunturu ya kankama, ya san da an sallame sallar asuba sai rugugin babura ya cika gari, domin 'yan kabu-kabu suna haramar fita, waɗansu su nufi bakin iyakar Najeriya, waɗansu su bi kwalta zuwa Malbaza da garaken albasa na Galmi, waɗansu kuma su ratse ta Tsarnawa su doshi Badagishiri ta ƙasar Illela. Akasarinsu da zarar inji ya kama sai su murɗe totur har iyaka, bisa zaton ɗumama shi suke yi, alhali kuwa zaluntarsa suke yi.

Sababin haka shi ne, idan babur ya kwana, baƙin mai yakan tsiyaye ya taru a gindin inji, sanyi ya ƙara masa kauri, har ya zamana yana bukatar ɗan jinkiri kafin famfo ya kai shi saƙo-saƙon da ƙarfe ke gugar ƙarfe. Wanda ya yi gaggawa a wannan taƙi, haƙiƙa fistin da ringi yake ci da hannunsa, ko da yake illar ba ta bayyana sai bayan watanni, ranar da salansa ta fara hayaƙi. Shi ma fetur, ko esansi in ji mutanen wajen, ba ya saurin zama tururi cikin sanyi, kuma hikimar cok ke nan: ya rage iskar da ke shiga kabureta, rabon mai ya rinjaya, wuta ta kama.

Saboda haka sai a buɗe mai, a ja cok, a taka sau ɗaya da ƙarfi ba tare da taɓa totur ba, a bar shi yana numfashi a hankali minti 1 ko 2, kana a mayar da cok. Barinsa a jaye, da malaman fiƙihu za a tambaya, da sun ce makaruhi ne, don yana baƙanta buji, ya kuma wanke man da ke jikin silinda. Sauran ɗumin a kan hanya ake samunsa, da tafiya sannu-sannu.

Wanda kuwa ya cika ƙa'idodin nan babur ya ƙi tashi, ya duba matacin iska kafin ya zargi mai sayar da man kwalba, domin ƙurar hunturu kan toshe shi cikin 'yan makonni.