Kafin a Yi wa Ɗan Ƙadangare Mai Gemu Ɗura, a Fara Duba Ɗakinsa

A cikin dabbobi masu jan ciki da ake kiwo a gidajen Amurka da Turai, kaɗan ne suka kai ƙadangare mai gemu farin jini. Asalinsa busassun yankunan tsakiyar Ostareliya ne, masana kuma suna kiransa Pogona vitticeps. Yana fitowa daga ƙwai bai wuce santimita 10 ba, idan kuma ya samu kulawa sai ya doshi rabin mita cikin shekara guda. Amma wani ɗan sai ya tsumbure: ya ƙi ci, idanu su faɗa, gindin wutsiya ya rame, ya wuni kwance ido a rufe. Tausayi kan sa mai shi ya ɗauko sirinji ya soma yi masa ɗura. Ina ganin wannan gaggawar ce ke halaka da yawa daga cikinsu, domin ƙin cin abinci alama ce kawai, tushen cutar kuwa galibi yana cikin akwatin da aka ajiye dabbar.

Ƙadangare ba ya samar da ɗumin jikinsa, daga waje yake karɓa. Shi ya sa muke ganin ɗan uwansa na gida, wanda danginsu ɗaya, yana shanya kansa a kan katanga da hantsi kafin ya fara farauta. Ɗan mai gemu yana bukatar wurin shan zafi da ya kai kimanin digiri 40 a ma'aunin Selsiyos, da wani ɓangaren mai sanyi da bai kai 30 ba, don ya riƙa kai da komo tsakaninsu. Idan zafin ya gaza, hanji ba ya narkar da abinci, garkuwar jiki kuma ta raunana. Abincin da aka ɗura wa ƙadangaren da jikinsa ke da sanyi zama zai yi a ciki ya lalace, ko ya shaƙe shi ya gangara huhu. Saboda haka aikin farko shi ne a auna zafin daidai inda yake kwanciya, da ma'auni mai inganci.

Na biyu shi ne haske. Fatarsa na amfani da hasken UVB wajen haɗa bitamin D3, wanda idan babu shi jiki ba ya iya tsotsar sinadarin kalsiyam daga abinci. Ɗan da ke cikin girma ya fi kowa bukatarsa, idan ya rasa kuwa jiki kan koma ya zuƙe na ƙasusuwa. Daga nan muƙamuƙi ya yi laushi, ƙafafu su karkace, yatsu su riƙa karkarwa. Abin da ke ruɗin masu kiwo shi ne gilashin taga yana tare wannan hasken, fitilar da ake saye kuma tana rage fitar da shi bayan wata shida zuwa shekara guda alhali tana ci gaba da haskawa. Sai a ƙara da ƙwari irin su gyare, a barbaɗa musu garin kalsiyam, kada girmansu ya wuce tazarar da ke tsakanin idanun ƙadangaren. A cire yashi daga shimfiɗa don kada ya haɗiye ya toshe masa hanji, a kuma ware shi shi kaɗai, domin manya kan danne ƙanana su hana su abinci da wurin ɗumi.

Wani zai ce akwai waɗanda aka yi wa duk wannan amma suka ci gaba da lalacewa. Gaskiya ne. Ƙananan ƙwayoyin hanji da ake kira koksidiya suna haddasa zawo da rama, akwai kuma ƙwayar cutar adenobairos wadda ke taɓa hanta, wani lokaci har ta sa dabbar ta riƙa ɗaga kai sama ba gaira ba dalili, kuma ba ta da magani. Sai dai wannan ma bai rushe hujjar ba. Likita ne kaɗai zai gane su ta gwajin kashi, kuma maganin da zai bayar ba zai yi aiki yadda ya kamata a jiki mai sanyi ba. Ko mai ɗauke da cutar da ba ta warkuwa, ɗumi da haske da ruwa ne ke ba shi damar jurewa. Idan ɗura ta zama dole, likita ne zai faɗi lokacinta da adadinta, bayan an mayar wa jiki ruwan da ya rasa.

Wani kuma zai ce kuɗin likita ya fi kuɗin ƙadangaren. Sau da yawa haka ne, amma wanda ya raba dabba da rana ya sa ta a akwati ya ɗauki amanar duk abin da rana ke ba ta, kuma lissafin nan kafin saye ake yin sa. Lafiyar iyali ma tana ciki: tsakanin 2012 da 2014 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta gano mutum 166 a jihohi 36 da suka kamu da ƙwayar salmonela mai alaƙa da waɗannan ƙadangaru, shi ya sa take gargaɗin a nisanta su da yara 'yan ƙasa da shekara biyar, a kuma wanke hannu bayan taɓa su. Mai jinyar ɗan ƙadangare ya riƙa auna nauyinsa kowane mako yana rubutawa. Idan nauyin ya tsaya ko ya ragu bayan an gyara zafi da haske, ya ɗauki dabbar da sabon kashinta ya nufi likitan da ya san masu jan ciki, domin jiki ƙarami irin wannan ba shi da ajiyar da zai jure jinkiri.